Yadda ake riƙe kulob ɗin petank na ƙauye, daga fili zuwa ranar gasa

A ƙauyukan kudancin Faransa da wuya a samu dandalin da ba a jin ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe da la'asar. Wasan petank ke nan, na jefa ƙwallayen ƙarfe su tsaya kusa da wani ɗan ƙaramin ƙwallon katako, wanda aka fara a garin La Ciotat kusa da Marseille wajen 1907, lokacin da aka sauƙaƙa wa wani ɗan wasa mai suna Jules Lenoir tsohon wasan yankin saboda ciwon gaɓoɓi ya hana shi gudu kafin jifa. Sunan ma daga harshen mutanen Provence, yankin da garin yake, ya fito, ma'anarsa ƙafafu a kafe. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun san wasan, kuma a 2023 a Kwatano aka yi gasarsa ta duniya. Abin da mai wucewa bai cika gani ba shi ne aikin da ke bayan wasan: wanda ya share fili, wanda ya riƙe makulli, wanda ya je ofishin magajin gari. Babu mai albashi a cikinsu. Kulob ɗin ƙauye yana tsayuwa ne idan an yanka aikin ƙanana-ƙanana, kowane yanki da sunan mutum a kansa, yana kuma mutuwa idan aka bar wa mutum biyu komai.

Takardu tukuna

A Faransa kulob ƙungiya ce a ƙarƙashin dokar 1 ga Yuli 1901, dokar ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Mutum biyu ma sun isa su kafa ta, amma a aikace ana son uku: shugaba, sakatare da ma'aji. A rubuta tsarin mulki gajere mai ɗauke da suna, adireshi, manufa, yadda ake zaɓe da yadda ake sallamar mamba. A yi taron kafawa, a rubuta abin da aka yanke, a sa hannu, sannan a kai wa ofishin rajistar ƙungiyoyi na jiha ko a tura ta intanet. Za a buga sanarwar a jaridar gwamnati, kuma tun 2020 kyauta ake bugawa. Da wannan shaidar ake buɗe asusun banki da sunan kulob.

Kada a taɓa ajiye kuɗin kulob a asusun ma'aji, ko da na mako ɗaya ne. Ba don zai ci ba, sai don ranar da ya kwanta asibiti ko ya saɓa da shugaba babu mai iya rarrabe nasa da na jama'a. Mutum biyu su kasance da ikon sa hannu, kowane kashe kuɗi da rasit.

Wanda ke son shiga gasa ta hukuma sai ya yanki lasisin hukumar petank ta Faransa, wadda aka kafa a 1945, ta hannun kwamitin jiha. Lasisin na shekara ne kuma yana tafe da inshora. Masu zuwa don nishaɗi kawai, waɗanda sau da yawa su ne suka fi yawa a ƙauye, ana yi musu katin mamba mai sauƙin kuɗi, amma a tambayi kamfanin inshora a rubuce ko su ma an rufe su. Ƙarfe mai nauyin giram 700 idan ya sauka a idon sawun ɗan kallo, tambayar farko da za a yi ita ce wannan.

Fili yawanci na ƙaramar hukuma ne. A nemi yarjejeniya a rubuce da magajin gari: wa ke biyan kuɗin wuta, wa ke gyaran famfo, ƙarfe nawa ake kashe fitila, shin ɗan gari da ba mamba ba yana da damar wasa a wurin. Alkawarin baki yana tafiya da magajin garin da ya yi shi idan zaɓe ya zo.

Gina fili: nan ne gayya take

Ana iya wasan petank a kusan kowace ƙasa, amma filin gasa yana da awo. Na gasar ƙasa da ta duniya mita 15 ne a tsawo, 4 a faɗi. A ƙananan gasa ana yarda da 12 da 3. Kulob ɗin ƙauye zai fi amfana da shimfiɗa ɗaya babba da za a raba da igiya, maimakon ƙananan filaye kowanne da bangonsa, domin ranar gasa za a iya matse layuka a ƙara yawansu.

Kafin a taɓa diga, a je wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi a ga inda ruwa ke kwanciya. A kuma tsaya a wurin da yamma a ga inda rana ke faɗuwa. Filin da ya miƙe gabas da yamma zai sa rabin jifan la'asar ido cikin rana, don haka idan wuri ya ba da dama a miƙar da shi kudu da arewa. Inuwar bishiya alheri ce, saiwarta kuwa za ta ɗaga ƙasa nan da 'yan shekaru, saboda haka a ja baya kaɗan daga gindi.

Ga lissafin layi ɗaya mai murabba'in mita 60. A haƙe santimita 20, a cire ciyawa da saiwa da baƙar ƙasar sama gaba ɗaya. Wannan ƙasa ce mai yawan kubik mita 12, wato sawun baro kusan 170 idan baron yana cin lita 70. Mutanen da suka ce za su gama layi huɗu da shebur a Asabar ɗaya ba su yi wannan lissafin ba. A roƙi manomin da ke da tarakta ko a yi hayar ƙaramar motar haƙa na yini ɗaya, a bar wa hannu aikin gefe da daidaitawa.

A gyara ƙasan ramin da 'yar gangara, santimita 1 a kowace mita, zuwa gefen da ruwa zai fita. Ido ba ya ganinta, ruwa kuwa yana binta. Sai a shimfiɗa yadin nan na masu aikin hanya da ruwa ke ratsawa amma ciyawa ba ta hudawa, a ɗora gefe kan gefe da kamar santimita 20. Idan ƙasar wurin yumɓu ce, a binne bututu mai huji-huji a gefen gangarar.

Daga nan hawa uku ne. Na ƙasa manyan tsakuwa fasassu, masu girman milimita 20 zuwa 40, kaurin santimita 10: kubik mita 6, kusan tan 10. Na tsakiya tsakuwa mai haɗe da garinta, daga ƙura zuwa milimita 20, kaurin santimita 5 zuwa 7: tan 5 zuwa 7. Na sama fasasshen yashin dutse, daga ƙura zuwa milimita 4, santimita 2 ko 3: bai wuce tan 3 ba. Kowane hawa a yayyafa masa ruwa a daɓe shi da injin daɓe, tsaye da kwance, kafin a zuba na gaba. Wanda ya zuba ukun a tare ya daɓe sau ɗaya zai ga fili ya lotsa wuri-wuri bayan damina ta farko.

Kurakurai biyu ne suka fi ɓata fili. Na farko amfani da yashin rafi ko tsakuwa mai santsi. Ƙwayarsu zagayayya ce, ba ta kama juna, komai daɓe sai ta watse. Dutsen da aka fasa yana da kusurwa, shi ke sarƙewa. Na biyu yawan yashin sama. Mutane suna ganin kauri karamci ne, sai su zuba santimita 6, sai ƙwallo ya faɗi ya nutse inda ya sauka, wasa ya zama babu gwaninta a ciki. Fili mai kyau yana da tauri a ƙasa da ɗan barbaɗi a sama, yana barin ƙwallo ya gangara ya kuma yi 'yar gardama. Kada a nemi sumul kamar faranti; tsofaffin 'yan wasa sun fi son filin da sai an karanta shi.

A kewaye da katako mai kauri domin tare ƙwallon da aka harba, wato wanda aka jefa da ƙarfi don ya ture na abokin hamayya, a ɗaure shi da turakun ƙarfe. A guji tsofaffin katakon layin dogo, ko da kyauta ne, saboda baƙin man da aka jiƙa su da shi guba ne kuma yana tsatsafowa da zafin rana. Igiyar iyaka ita ce layin mutuwar ƙwallo, wato wanda ya tsallake ta ya fita daga wasa, ba katakon ba, kuma doka ta ce shinge ya kasance aƙalla mita 1 daga layin waje. Idan an gama, a bar filin mako biyu ko uku ana yayyafa masa ruwa kafin a fara harbi a kai. Wannan shi ne umarnin da ya fi wuyar bi.

Ranar gayyar kanta a raba mutane tun daren jiya: huɗu a baro, biyu a manjagara, ɗaya a injin daɓe, ɗaya mai igiya da ma'aunin magina wanda shi kaɗai ke cewa nan ya yi tudu. Mutum biyu su tsaya kan abinci da ruwan sha. Dattijon da bayansa ba ya ɗaukar shebur a ba shi tiyo. Ba a mayar da wanda ya zo taimako gida.

Kayan wasa

Ƙwallon gasa na ƙarfe ne, faɗinsa tsakanin milimita 70.5 da 80, nauyinsa giram 650 zuwa 800, da tambarin maƙera da nauyin a zane a jikinsa. Mafi shahara shi ne na kamfanin Obut. Ɗan ƙaramin da ake nufa na katako ne, milimita 30. Kulob ya ajiye aƙalla saiti shida na aro, uku-uku, cikinsu da ƙananan milimita 71 ko 72 don mata da matasa masu ƙaramin hannu. Sabon shiga da aka ba ƙwallon da ya fi tafinsa zai damƙe shi da ƙarfi, jifa ya karkace, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi dacewa da kayan aro, domin ɗaya nau'in sai ana shafa masa mai, kuma babu mai shafa wa kayan jama'a mai. A saya kuma da'irorin roba masu faɗin santimita 50 da mai jifa ke tsayawa a ciki, tef na awo biyu ko uku, kamfas na awon kusa, allon maki, akwatin agajin gaggawa, da maganaɗisu mai igiya wanda tsofaffi ke ɗaga ƙwallo da shi ba tare da sunkuyawa ba.

Mako-mako

Gasa sau biyu ko uku ce a shekara. Rayuwar kulob tana cikin yammacin Talata da Juma'a. A tsayar da rana da lokaci kada su canza, ko mutum huɗu ne suka zo. A manna jadawalin wata a ƙofar ɗakin kaya: mai buɗewa, mai jan manjagara, mai rufewa. Mai buɗewa ya zo da rabin awa, ya kwashe ganye da kashin kare, ya yayyafa ruwa idan ƙura ta yi yawa. Manjagara a kife ake janta, da bayanta, domin haƙoranta suna tono tsakuwar ƙasa.

Hanya mafi kyau ta hana kulob rabewa gida-gida ita ce haɗa 'yan wasa da ƙuri'a. A zaro lamba daga jaka, a sake zarowa bayan kowane wasa. Idan babu wannan, gwanaye uku za su riƙa wasa da junansu har abada, baƙon da ya tare a ƙauyen ya zo sau biyu ya tsaya a gefe, na uku ba zai dawo ba. Lissafin ba wuya: ƙungiyar mutum biyu kowa ƙwallo uku, ta mutum uku kowa biyu, duka shida-shida ne, don haka biyu na iya karawa da uku. Mutum 26, alal misali, ƙungiya 10 ta bibbiyu da 2 ta uku-uku, ƙungiya 12, fili 6, babu mai zama.

A ware mutum ɗaya don tarbar sabon zuwa, kuma kada ya zama gwanin kulob, domin gwani yana cika mutum da bayani. Abin da ake buƙata a ranar farko kaɗan ne. Ƙafafu biyu cikin da'ira, a ƙasa, har ƙwallo ya sauka. Ɗan katako a jefa shi tsakanin mita 6 da 10. Tafin hannu ya kalli ƙasa. Ƙungiyar da ƙwallonta ya fi nisa ita ke ci gaba da jifa har ta ƙwace kusanci ko nata su ƙare. A ƙarshen zagaye, kowane ƙwallo da ya fi na abokan hamayya mafi kusa kusanci maki ɗaya ne, kuma wanda ya fara kai 13 ya ci. Maganar wa zai zama mai ajiye ƙwallo kusa da ɗan katako, wa zai zama maharbi, ta jira wata ɗaya. Yara a rage musu nisa, kuma kada babba ɗaya ya zauna shi kaɗai da yaran mutane.

Ranar gasa

A fara shiri da wata biyu. A duba kalandar kwamitin jiha kada ranar ta yi karo da ta ƙauyen da ke kusa, don 'yan wasan yankin ɗaya ne. Ƙauyuka da yawa suna haɗa tasu da bikin gari na bazara ko 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. A nemi izinin magajin gari na rumfar sayar da abin sha da na rufe hanya idan za a shiga dandali. Rumfar nan, ba kuɗin rajista ba, ita ke ciyar da kulob, saboda kuɗin rajista yawanci komawa yake ga waɗanda suka yi nasara. A yankin ana sayar da giya a irin wannan rumfa, amma dokar wasa ta hana shan sigari da amfani da waya a tsakiyar wasa, kuma alƙali na iya fitar da wanda ya bugu. Ruwan sanyi ya zama kyauta.

Zuciyar ranar ita ce teburin rajista. Mutum biyu masu natsuwa, a inuwa, nesa da rumfa, da lasifika. A rufe rajista a kan lokacin da aka sanar, ko ɗan'uwan shugaba ne ya makara, domin ƙungiya ɗaya da aka cusa bayan ƙuri'a tana rushe jadawalin duka.

Tsarin da aka fi bi shi ne rukuni na ƙungiya huɗu. A wasan farko biyu-biyu suke karawa. A na biyu masu nasara su haɗu, waɗanda aka doke su haɗu. Mai nasara biyu ya wuce, mai faɗuwa biyu ya fita, sauran biyun masu ɗaya-ɗaya su yi wasan raba gardama. Ƙungiya 32 rukuni 8 ne, fili 16 a lokaci ɗaya, kuma 16 za su fito daidai. Idan 40 ne, rukuni 10 za su fitar da 20, sai a zaro 8 da ƙuri'a su kara, 4 su faɗi, a koma 16. Wanda ke tebur ya yi wannan lissafin a takarda kafin a fara, ba lokacin da mutum sittin ke tsaye a kansa ba. Wasa ɗaya yakan ci minti 45 zuwa awa da 'yan kai. Idan dare zai yi, doka ta yarda wasannin rukuni su tsaya a maki 11. Waɗanda suka fita da wuri a buɗe musu ƙaramar gasa ta biyu da kyautar kaza ko kwandon kayan gona. Idan ba haka ba, ƙarfe huɗu fili zai watse, rumfa ta zauna da kayanta.

Gasa mai ƙungiya 32 tana son masu aiki kamar goma sha biyu, a kashi biyu na awa uku-uku: tebur, rumfa, gasa nama, kula da motoci, zagayawa da buhun shara, da mai duba banɗaki. Kada a sa wanda ya yi rajistar wasa a kan wani aiki, don daidai lokacin da layi ya yi tsawo za a kira sunansa. Akwatin kuɗi a fara shi da canji ƙirgagge, mutum biyu su ƙirga da dare su sa hannu.

Rigima kusan kullum a kan awo take. Ƙungiyar da ta yi jifa na ƙarshe ita ke fara aunawa, ɗayar tana da damar sake aunawa, idan ba a daidaita ba a kira alƙali, kowa ya ja baya. Ana aunawa daga gefen ƙwallo zuwa gefen ɗan katako. Mai awon da ya motsa ɗaya daga cikinsu, ƙungiyarsa ta rasa makin. Wanda ya ɗauke ƙwallonsa kafin a amince da maki, ƙwallon ya mutu. A koya wa mambobi su riƙa zana 'yar alama a ƙasa kusa da ɗan katako da zarar ya tsaya, saboda idan ƙwallon wani fili ya shigo ya ture shi, alamar ce kaɗai hujjar mayar da shi. Kowane ɗan wasa minti ɗaya gare shi ya yi jifa, kuma rami ɗaya kawai aka yarda a cike kafin jifan, ba share hanya da ƙafa ba. A gasar ƙauye da babu alƙalin hukuma, a naɗa mutum ɗaya tun safe, wanda ba ya wasa, a sanar da sunansa ta lasifika. 'Yan kallo su tsaya bayan shinge, musamman a ƙarshen layi inda ƙwallon da aka harba ke fita da gudu, kuma 'yan wasa su sa rufaffen takalmi.

Wanda aka ci 13 da babu, akwai tsohuwar al'adar tsokana da ake kira Fanny, kuma a wurare da yawa shi ke sayen abin sha. A bar ta ga abokan da suka saba, kada a yi wa baƙo.

Maƙwabta da taron shekara

Ƙarar ƙarfe da dare tana tafiya nesa fiye da yadda 'yan wasa ke zato. A kashe fitila ƙarfe goma a ranakun aiki, a kuma zagaya gidajen da ke kewaye mako ɗaya kafin gasa da takardar gayyata a hannu. Maƙwabcin da aka gayyata ba ya saurin kai ƙara.

Sau ɗaya a shekara, yawanci da kaka bayan an gama gasa, a yi babban taro. Ma'aji ya karanta shiga da fita a takarda ɗaya da kowa zai riƙe a hannu, a amince, a yi zaɓe, a bi da abinci. A sa wa muƙamai wa'adi, shekara biyu ko uku, kowane mai muƙami kuma da mataimakin da ya san inda takardu suke. Kiran "wa zai taimaka?" a gaban taro ba ya samar da kowa, kai kawai ake sunkuyarwa. A samu mutum shi kaɗai a ce masa: rumfa, Asabar 12 ga wata, daga biyu zuwa biyar. Wannan yakan amsa. Wanda ya kashe kuɗin mai ko ya sayo igiya da kuɗinsa a biya shi cikin mako, kada sai ya tambaya.

Aikin da aka fi mantawa da sa wa suna shi ne na washegarin gasa. Tebura na ƙaramar hukuma ne sai an mayar, igiyoyi sai an naɗe kafin yara su yi tuntuɓe da ƙusoshinsu, firij ɗin aro sai an wanke, ramukan da maharba suka haƙa a bakin da'ira sai an cike an daɓe an jiƙa. A rubuta mutum huɗu don wannan tun ranar da aka raba sauran ayyuka, waɗanda ba su tsaya a rumfa har dare ba, su haɗu ƙarfe tara na safe, ɗayansu da mota mai buɗaɗɗen baya.